Yadda za ka gano ciwon unguwa daga cikin labaran da kake ji kullum

Salamu alaikum 'yan uwa na Nima da Maamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina har Ashaiman, da ku mutanen Kumasi in kun ci karo da wannan. Akwai tambayar da samari ke yawan yi min in mun zauna shan ataya da dare, wai suna so su yi wa unguwa wani abu, wasu sun kafa ƙungiya har da riguna, wasu kuma 'yar sana'a suke so su fara wadda za ta amfani mutane su ma su samu na koko, amma ba su san ta ina za su kama ba. Abin da nake ce musu kullum shine ku fara da rediyon nan da ke kunne a shagon mai shayi tun asuba, domin duk abin da ke damun unguwa yana wucewa ta cikinsa, mu ne dai muke ji mu ce Allah ya kyauta mu ci gaba da harkarmu.

Abu na farko da za ka riƙe, ɗan jarida abin da ya faru yake kawo maka, wuta ta tashi, ruwa ya ci gida, an kama wane, an rushe kasuwa. Abin da mutane suka rasa har hakan ta faru ba kasafai yake faɗa ba saboda minti biyu aka ba shi, wani lokacin ma bai taɓa shiga lungun ba, a bakin titi ya tsaya ya ɗauki hoto ya koma ofis. Toh wannan ragowar aikin naka ne kai da ka san lungun.

Ka sayi littafi, irin na 'yan makaranta ɗin nan mai araha ya isa. Ni na fi son takarda a kan waya saboda waya tana ɓata, tana lalacewa, kuma da ka buɗe ta don rubutu sai ka tsinci kanka a TikTok. Duk labarin da ya taɓa unguwarku ko unguwa irin taku ka rubuta ranar, da wurin, da abin da ya faru a layi ɗaya, da wanda aka ji muryarsa, sannan ka bar fili a gefe don wanda ba a ji muryarsa ba, wannan filin zan dawo kansa. Kar ka tsaya a tasha ɗaya. Ka ji sharhin jaridu na safe a Peace FM ko Adom in kana jin Twi, ka ji Citi ko Joy, ka ji Marhaba FM da ke magana da harshenmu, mutanen Kumasi kuna da Zuria FM, ga kuma labaran Hausa na GBC. In Daily Graphic ta shigo hannunka ka tsallake shafin farko, 'yan siyasa ne suka cika shi, shafukan ciki inda ake sa labaran yankuna da ƙananan sanarwa nan ne naman yake. Shafin GNA, wato kamfanin dillancin labarai na Ghana, a intanet ma yana da amfani sosai don su suna zuwa ƙananan taron asambuli, wato majalisar ƙaramar hukuma, da manyan tashoshi ba sa kulawa da su. Ka yi wata guda cur kana wannan rubutu kafin ka yanke hukuncin komai.

Bayan wata ɗaya ka zauna ka karanta littafin daga farko, abin da kake nema shine abin da ya maimaita kansa. Abin da ya faru sau ɗaya yana iya zama tsautsayi, wanda ke dawowa duk sati ko duk damina kuwa akwai abin da ke ciyar da shi.

Bari in ɗauki ruwa don shi muka fi sani. Babu ɗan Accra da ya manta 3 ga watan Yuni 2015, ranar da ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai na Circle, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Tun kafin ranar da bayanta duk watan Mayu da Yuni labarin ɗaya ne, Odaw, babbar magudanar ruwan da ta ratsa Accra, ta cika ta tumbatsa, Alajo, Circle, Kaneshie, Adabraka, hukumar agajin gaggawa ta NADMO ta raba katifa da shinkafa, wani babba ya zo ya ce mutane su daina zuba shara a gota, shikenan sai baɗi. In ka tsaya a nan za ka rubuta matsalarmu ambaliya ce, kuma ba ka yi ƙarya ba amma ba ka da abin da za ka yi da wannan maganar, ba kai za ka yashe Odaw ba. Sai ka tambayi kanka me ya sa gotar ta toshe, shara. Me ya sa Hajiyar da ke tsaftace ɗakinta fes take jiran hadari ya haɗu ta tura yaro ya juye bokiti a gota, ai ba ƙazama ba ce. Ka je ka tambaye ta cikin ladabi za ka ji, motar shara ba ta shiga lungunsu don ko aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, da ƙyar take wucewa, mai aboboyan in ya zo kuɗi yake karɓa duk zuwa kuma ba kullum take da shi ba, kwantenar bola tana da nisa kuma in ta cika sai ta kwana biyu ba a ɗauke ba. Kaga yanzu ka sauko daga ambaliya zuwa abin da hannu zai iya kamawa, wato babu hanyar kwashe shara mai araha da ke isa cikin lungu a ranar da aka sani. Wannan ƙungiyar samari goma da baro za su iya gwadawa a layi ɗaya, kuma abu ne da za ka iya kai wa Onarabul, wakilin yankinku a asambuli, a rubuce ya gane me kake nema. Duk labarin da ka ɗauka ka yi masa wannan "me ya sa" ɗin sau uku ko huɗu har sai ka iso inda wani mutum da ka sani yake rasa wani abu takamaimai.

Haka kwalarar 2014 da ta kama mutum sama da dubu 28 a ƙasar nan ta kashe sama da 200, kuma Accra ce ta fi shan wahala. Labarai a lokacin adadin gadajen asibiti suke ta faɗa, amma wanda ya tashi a gidan haya mai ɗaki goma sha biyar babu salga ko ɗaya, kowa sai ya bi layin ta gwamnati da asuba da kuɗinsa a hannu, yara kuma da dare a leda, shi ya san daga ina ciwon ya fito. In ka ji an ce amai da gudawa sun ɓulla a wata unguwa, kar ka rubuta cutar kawai, ka rubuta tambaya, gida nawa ne a layinmu ke da bayi, kwana nawa famfo ke yi bai kawo ba, nawa ake sayar da jarkar ruwa mai ruwan ɗorawa yau kuma nawa take wata uku da suka wuce.

Sai shirin kiran waya, wlh nan ne na fi samun abu. Amma akwai yadda ake saurarensa. Akwai masu kira na kullum, ka san muryarsu, wannan na jam'iyyar NDC ne wancan na jam'iyyar NPP ne, kafin ya buɗe baki ka san me zai ce, waɗannan ka bar su su wuce. Wanda za ka kasa kunne gare shi shine mai kiran da muryarsa ke rawa, bai iya tsara magana ba, ana zancen kasafin kuɗi shi kuma ya ce don Allah fitilar layinsu ta mutu wata biyu ana ƙwace wa mata waya in za su tafi kasuwa da asuba, mai gabatarwa ya ce mun gode ba shine batun yau ba ya katse shi. Wannan mutumin katin wayarsa ya ƙona don abin ya ishe shi. Ka rubuta unguwar da ya ambata. In mutum uku daban daban suka kauce wa batun ranar suka faɗi abu iri ɗaya cikin wata guda to ka samu abin bi.

Yanzu filin nan da na ce ka bari a gefe. Ka duba littafinka ka ƙirga sau nawa aka ji muryar mace, sau nawa aka ji tsoho, sau nawa aka ji kayayo, matan da ke dakon kaya a ka a kasuwa, ko makaho ko gurgu ko yaron makarantar allo. Za ka ga kusan babu. Iyayenmu mata ba sa kiran rediyo, labarinsu a wajen suna da awure da adashi yake fita, da layin awo a asibiti, da bakin famfo. In kai namiji ne ka nemi yayarka ko innarka ko Magajiyar unguwa ka ce Hajiya don Allah me mata suka fi kuka da shi kwanan nan, ka yi shiru ka ji, kar ka yi mata gardama ko da kana ganin ba haka ba ne. Sau da yawa abin da za ta faɗa ba ya cikin littafinka sam, kamar katin inshorar lafiya na NHIS da ya mutu ba a sani ba sai an je asibiti da yaro cikin dare, alhali ana iya sabunta shi ta waya da momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, amma babu wanda ya zauna ya nuna mata.

Kuma abin da ke ci min rai, zango ba ta cika shiga manyan labarai ba sai an zub da jini. Ku tuna watan Janairun 2022 da samari suka yi arangama tsakanin Nima da Maamobi, bidiyon ya zaga ƙasar nan kaf, kwana da kwanaki ba a zancen komai sai mu. Ba na kare wanda ya ɗauki adda ko bindiga, laifi ne kuma mu ya fi cutarwa. Amma mai karatun labari irin wanda nake so ka zama zai tambaya, yaran nan shekara nawa suka bar makaranta, wa ya san inda suke kwana, ina suke samun tramadol da sauran ƙwayoyin da kowa ya san ana sayarwa, kuma tunda karatun sakandare ya zama kyauta a 2017 me ya hana wasunsu wucewa daga JHS, wato ƙaramar sakandare. In an ce kyauta ne amma yaro bai je ba to akwai wani abu a tsakani, ko sakamakon BECE, jarrabawar kammala JHS, ne bai yi kyau ba don babu mai duba masa karatu da yamma, ko kuɗin akwati da katifa da guzuri ne ya gagara, ko gida na jiran abin da zai kawo daga tasha. Kowanne da maganinsa daban, kuma ba za ka san wanne ne ba sai ka zauna da uwar yaron.

Wani wurin da mutane ke rainawa shine sanarwa. Takardar da aka manna a allon asambuli, jan fentin da aka shafa a bangon shago, sanarwar sabon kuɗin tikitin kasuwa da lasin shago da asambuli ke yankewa duk shekara, sanarwar za a ɗauke wuta ko ruwa, sanarwar wa'adin rajista. Waɗannan labarin gobe ne tun bai faru ba. Kafin a tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a watan Yulin 2021 an yi ta faɗa a rediyo an ba da wa'adi, kuma da yawa daga masu wannan sana'a mutanenmu ne. Wanda ke riƙe da littafi a lokacin zai fara lissafi tun kafin katafila ta iso, mai sayen albasa buhu ɗaya daga Nima nawa zai kashe a mota zuwa can bayan Amasaman ya dawo, 'yan dako da kayayo da masu sayar musu da waakye ina za su koma, yaran da ke makaranta kusa da tsohuwar kasuwar fa. Haka maganar Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, lokacin da aka ce sai da shi za a yi rajistar layin waya labarai dogon layi kawai suke nunawa, mu kuwa mun ga dattawan da aka haifa a nan aka haifi iyayensu a nan suna tsaye ana musu tambayoyi saboda sunansu kuma ba su da takardar haihuwa, sai an nemo wanda zai tsaya musu ya rantse. Buƙatar da ke ƙarƙashin wannan layin ita ce takardar haihuwa, kuma rajistar jariri kyauta ce kafin ya cika shekara ɗaya. Da kowane malamin da ke raɗa suna ranar bakwai zai tambayi uban yaro an yi takarda ko ba a yi ba, da jikokinmu ba su tsaya a irin wannan layin ba.

In labari ya faru a wata unguwa kar ka ce ba namu ba ne. Gobarar Kantamanto ta ranar 2 ga Janairun 2025 da ta cinye rumfuna ba adadi, da ta Adum a Kumasi bayan wata biyu, ka ɗauke su ka auna kasuwarku da su. Ka shiga kasuwar Nima ko Mallam Atta ko Aboabo ka duba da idonka, motar kashe gobara za ta iya shiga, ina ruwan da za ta ɗiba, wayoyin wuta yaya aka ja su, mutum nawa ke dafa abinci da gas a cikin rumfa, akwai wanda ke da inshora ko duk jarin a rumfar yake kwana.

Alƙawari kuma shafinsa daban za ka buɗe masa a bayan littafi. Duk wanda ya zo ya sara ƙasa da shebur aka ɗauki hoto ka rubuta ranar, me aka ce za a yi, nawa aka ce, yaushe aka ce za a gama. A 2017 aka kafa ma'aikata sukutum don zango aka kuma yi dokar asusun raya zango, a 2021 aka rushe ma'aikatar asusun ya ci gaba. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin GARID na magance ambaliya a yankin Odaw, kuma Nima da Alajo da Akweteyman suna cikin unguwannin da aka ware don gyara. Ban kawo waɗannan don yabo ko zagi ba, na kawo su ne don ka san akwai kuɗin da aka ambaci sunan unguwarka a kansu kuma kana da ikon tambaya. Dokar samun bayani ta 2019 ta ba kowa dama ya rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani, kuma kwana 14 aka ba su su amsa. Tsarin mulki ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a raba wa asambuloli, kasafin kowace asambuli kuma ana sa shi a shafin ma'aikatar kuɗi, in turancin ya yi nauyi ka nemi ɗan unguwa da ya yi jami'ar Legon ko KNUST ku zauna tare ku nemo sunan layinku a ciki.

Kafin ka ɗaga murya dole ka taka da ƙafa. Abin da ke yawo a WhatsApp rabinsa tsoho ne, bidiyon ruwan shekara biyar da suka wuce sai a turo a ce yanzu yanzu a Alajo, wani ma ba Ghana ba ne. Ka duba ko masu tantance labarai irin GhanaFact ko Dubawa sun yi magana a kai, in kuma kusa ne ka hau trotro ka je. Na taɓa jin ana ta kuka a rediyo cewa wani layi a wajenmu babu ruwa, na riga na rubuta a littafi cewa laifin masu ba da ruwa ne, da na je na zauna da masu gidajen sai na tarar ruwan yana zuwa har bakin titi, bututun da ke shiga lungun ne ya fashe tun tuni kuma masu gida huɗu sun kasa shiryawa kan wanda zai biya gyara. Wannan ba takardar koke yake so ba, zama yake so a gaban liman bayan la'asar, kuma a nan aka kashe maganar.

Wanda kuwa na hukuma ne sai ka san ƙofar da za ka buga, don da yawa har yau AMA, babbar asambulin Accra, suke nufa da komai alhali tun 2018 Nima tana ƙarƙashin Ayawaso East, Maamobi tana Ayawaso North. Sabon Zango Ablekuma Central ce, Madina tana da tata, Aboabo da Asawase da Sawaba kuma Asokore Mampong ba KMA ta Kumasi ba. Shara da ƙananan gota da kasuwa da bayin jama'a na asambuli ne, ka fara da Onarabul ɗin yankinku da 'yan kwamitin unguwa, kuma kowace asambuli tana da kwamitin karɓar koke. Wuta da ruwa in ka kai wa kamfanin ba a yi komai ba PURC, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta da ruwa, ita ce gaba. In wulaƙanci ne aka yi wa mutum a ofis saboda sunansa ko ƙabilarsa CHRAJ ce, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Abin gaggawa 112.

Ranar da za ka je kar ka tafi kai kaɗai kuma kar ka tafi da matsala goma, ɗaya za ka ɗauka, wadda ta fi maimaituwa a littafin kuma ka taka ka gani. Ka fara sanar da Sarkin zango ko liman don kar su ji a waje, ka ɗauki dattijo ɗaya da mace ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa. Takardar shafi ɗaya ta isa, wurin, tun yaushe, gida nawa, ranakun da aka faɗa a rediyo da sunan tashar, hoto biyu ko uku, da abin da kuke nema a yi a fili. Ku yi kwafi biyu a buga muku hatimin an karɓa a kan naku da kwanan wata, ku tambayi sunan ofishin da takardar za ta je. Ka rubuta ranar a littafinka, bayan sati biyu ku koma da kwafin a hannu, in an ce ku dawo ku sake rubuta ranar ku sake komawa, a zuwa na uku in babu motsi sai ka kira shirin safen nan da kanka ka karanta ranakun ɗaya bayan ɗaya.